Cinikin Biri a Sama: Tsakanina da 'Yan Jirgin Yawo

Yau sai kun yi haƙuri da ni, don magana ce na daɗe ina haɗiyewa har ta tsaya mini a maƙogwaro. Tun da na tattara komatsaina daga Ingila na dawo gida na zauna a Apo, na koyi yin shiru a kan abubuwa da yawa. A ɗauke wuta, in yi shiru. Makanike ya riƙe mini mota mako biyu, in yi shiru. Domin da zarar na buɗe baki sai a ce, "Ka ji 'yan Ingila ko, su komai sai sun yi ƙorafi." To amma wannan karon ba zan iya ba, saboda a kan mahaifiyata abin ya ƙare.

A shekarar 2024 Allah ya hore mini na yi niyyar kai Hajiya Umra. Ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa, ga ciwon suga. Na je ofishin wani kamfanin jirgin yawo a nan Abuja. Ba zan kama suna ba, don halin ya zama ruwan dare, kama sunan mutum ɗaya zalunci ne. Takardar tallansu abin sha'awa: ga hoton otal, ga yawan takun da ke tsakaninsa da Harami, abinci sau biyu, biza, ziyara, kwana 14. Game da jirgi kuwa kalma uku kacal aka rubuta: "har da tikiti". Na tambayi ejan ɗin wane jirgi ne, ta ina za a bi, ƙarfe nawa za a tashi. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kada ka damu, jirgi ne mai kyau, in lokaci ya yi za mu turo maka." Ni kuma na zaro kuɗi na biya. Nan ne na yi wauta, kuma na amsa laifina tun kafin wani ya faɗa mini.

Sai ana saura kwana uku tafiya tikitin ya shigo wayata. Daga Abuja zuwa Jidda, in jirgi ya miƙe kai tsaye, tafiyar awa biyar ce da ɗoriya. Mu kuwa za mu tashi da rana, mu sauka a wata ƙasa da dare, mu zauna awa 13 kafin mu hau na biyu. A dawowa, duk da cewa a Madina za mu ƙare, daga Jidda jirgin zai tashi da asuba, wato sai mun kwana a mota muna cin hanyar da ta haura kilomita 400. Sannan jirgin a Legas zai sauke mu, mu kwana, washegari mu hau wani na cikin gida a kan tikiti na daban. Da na ƙirga sai na ga a cikin kwana 14 da na biya, kwana 10 ne kawai za mu ɗora haƙarƙarinmu a kan gado. Sauran a kujerar ƙarfe da kujerar mota da hanya za su tafi.

Na kira shi. Ya ce tikitin rukuni ne, ba ya canzuwa. Na ce to a cire mu in saya mana wani da kaina. Ya ce kuɗin ya riga ya tafi. Daga ƙarshe ya jefo mini maganar da ta sa nake wannan rubutu: "Alhaji, ka yi haƙuri, ai ibada ce, wahalar ma lada ce."

Haka muka tafi. Na ga mahaifiyata a zaune a kan kujerar ƙarfe tun dare har gari ya waye, sanyin na'ura yana dukanta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni kuma da yake a Jidda za mu fara sauka, dole ne a shiga harami kafin jirgi ya ƙetare miƙati, sai na ɗaura nawa a banɗakin filin jirgi ina rawar ɗari. Da an tsara mu fara sauka a Madina, da sai ta huta kwanaki, mu ɗauki harami a Zul Hulaifa cikin natsuwa. Mun isa Makka bayan isha'i a kwana na biyu. Hajiya, wadda take burin yin ɗawafi da ƙafarta, a keken guragu aka tura ta, kuma kwana uku ta yi ba ta iya saukowa daga ɗaki ba. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta dai ce mini, "Kai dai Allah ya yi maka albarka." Wannan addu'ar ta fi zagi yi mini zafi, don na san da na tsaya na yi tambaya yadda ya kamata, da ba ta sha wannan wuyar ba.

Yanzu bari in bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ta ibada da haƙuri. Har wani dattijo a masallacin unguwarmu ya tuna mini cewa kakanninmu a ƙafa suka riƙa zuwa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, wasu su yi shekaru a hanya, wasu ma su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Gaskiya ne, Allah ya jiƙansu. Amma su sun san abin da suka tunkara tun daga ƙofar gida, babu wanda ya karɓi kuɗinsu ya ce musu kwana 14 ne. Haƙuri da ƙaddara daban, haƙuri da wanda ya ɓoye maka siffar hajarsa daban. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi ya ce ya yi ƙasaru, shi ne kuma ya hana cinikin garari, wato sayar da abin da mai saye bai san siffarsa ba. Bahaushe ma tuni ya ce ba a cinikin biri a sama. Abin takaici ne mutum ya ɗauko rigar addini ya lulluɓe ribarsa da ita, ya karɓi kuɗi a hannu ya bar ka da alkawarin lada.

Ta biyu ita ce tsada. Suna cewa tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 komai ya rikice: Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da Dala da Riyal ake biyan jirgi da otal. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya yi kasuwancin asara ba. Tikiti mai dogon zango ya fi araha, kowa ya sani. Akwai matashin da zai ce a ba shi shi da murna don ya rage kuɗi, kuma haƙƙinsa ne. Abin da nake cewa shi ne a faɗa wa mutum. A rubuta farashi biyu: ga na mai zangon awa 13, ga na mai zangon awa uku ko mai tafiya kai tsaye. Da an nuna mini haka, wallahi da na ƙara kuɗi saboda Hajiya ko da zan ci bashi. Ba a ba ni zaɓi ba, an zaɓa mini mafi araha, an sayar mini a farashin da ban san me ke cikinsa ba.

Ta uku ita ce wai jirgi ba a hannunsu yake ba. A nan ne nake so mai karatu ya gane yadda abin yake tafiya. Ejan yakan kama kujeru da yawa a farashin rukuni, ya ba da kafin alƙalami, daga baya ya miƙa sunaye. Ke nan tun ranar da ya kama kujerun ya san rana da lokaci da hanya. In kuwa bai kama ba tukuna, to ya karɓi kuɗinka ne a kan abin da shi kansa bai mallaka ba, yana jiran ya ga inda araha za ta faɗo. Ko wanne ne a ciki, akwai abin da ya sani bai gaya maka ba. Ban ga laifin kamfanin jirgin ba, domin abin da ke rubuce a tikiti shi ya yi. Masu bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha duk sun san akwai haɗi mai gajeren zango, akwai mai tsawo, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Na san za a ce na fara, amma bari in kawo misalin Ingila, don darasin a can na gan shi. Turawa suna da irin wannan ciniki a yawon shaƙatawa na jirgin ruwa: kamfani ya haɗa maka ɗaki a jirgin ruwa da abinci da tikitin jirgin sama zuwa tashar da za a tashi, kamar Basalona. Su ma kamfanoninsu ba waliyyai ba ne, sukan liƙa wa mutum jirgin asuba daga filin da ke nesa da garinsu. Wata abokiyar aikina ta taɓa samun irin wannan, sai ta ce a cire tikitin a rage mata kuɗinsa, ta saya da kanta, ta isa ana gobe tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Aka cire, aka rage, magana ta ƙare. A can kuma akwai dokar da ke kare mai saye. Tun 1973 suke da tsarin ATOL wanda ke kare kuɗin wanda ya sayi tafiya haɗe da jirgin sama, shi ya sa da kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019 aka kwaso fiye da mutum 100,000 zuwa gida ba tare da sun sake biya ba. Dokarsu ta 2018 kuma ta ce in kamfani ya sauya wani babban ɓangare na tafiya, mai saye na da ikon fasawa a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14. Masu sayar da kujerar Umra a can ma a ƙarƙashin wannan tsari suke, har da 'yan uwanmu Musulmi, kuma ban ji wanda ya ce ladansa ya ragu saboda an rubuta masa lokacin jirgi ba.

Mu ma ba hukumomi muka rasa ba. Akwai hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi. Akwai ƙungiyar su kansu masu kamfanonin, AHUON. Akwai hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, mai sashen kare haƙƙin fasinja. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a ƙarƙashin dokar 2018. Roƙona gare su ɗaya ne: a wajabta wa duk mai tallar Umra ya rubuta sunan jirgi, da hanya, da tsawon zango, da filin sauka da na tashi, da adadin dararen otal, kafin ya karɓi sisin kowa. Amma hukuma ba ta bin kukan da ba a kai mata ba, mu kuwa mun mayar da kai ƙara abin kunya. Sai mu dawo mu raba dabino da zamzam, a ce yaya hanya, mu ce alhamdu lillahi, ejan kuma ya buga sabuwar takarda.

Kafin su farka, ga abin da na koya da kuɗina da ƙafafun mahaifiyata. Kada ka biya sai ka ga jadawalin jirgi a rubuce. Ka ƙirga darare a otal, ka manta da "kwanaki" na takardar talla. Ka tambayi farashin biza da otal da mota ba tare da tikiti ba, don ka san nawa aka ɗora wa jirgin. In an ba ka tikiti, akwai lamba mai haruffa shida a jikinsa, ka shigar da ita a shafin intanet na kamfanin jirgin ka tabbatar da sunanka da lokutan. Ka nemi a sauke ka a gari ɗaya a ɗauke ka a ɗayan, Madina da Jidda, don kada ka ninka hanya. In hakan bai samu ba, akwai jirgin ƙasa na Haramain tun 2018 da ya haɗa Makka da Jidda da Madina. Ka guji tikiti biyu masu zaman kansu, domin in na farko ya makara na biyu ba ruwansa, kuma nauyin kayan da jirgin cikin gida ke ɗauka sau da yawa bai kai na waje ba. In zangon mai tsawo ne, ka tambaya ko tikitin ya ba ka haƙƙin masauki, don wasu kamfanonin jirgi suna bayarwa bisa sharuɗɗa. In da tsoho a tafiyar, a nemi keken turawa aƙalla awa 48 kafin tashi, magani kuma ya zauna a jakar hannu. Duk alkawarin da ejan ya yi da baki, ka ce ya turo a rubuce. In ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce ka yarda, rubutun don mantuwa ne.

Hajiya ta fara maganar komawa. Na ce mata in sha Allahu. Makon jiya na leƙa wani ofishin daban, na zaro takarda mai tambaya takwas na ajiye a teburin. Yaron ya karanta, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, kai lauya ne?" Na ce a'a, ɗan tsohuwa ne. Ya ce zai tambayi oga ya kira ni. Ina nan Apo ina jiran kiran, kuɗin kuma suna aljihuna.

Allah ya sa mu dace.