Hutun Ruwa: Abin Da Tafkuna Biyu Na Minnesota Suka Koya Wa Masunta

Hausawa kan ce kifi na ganinka mai jar koma. A tafkunan arewacin Amurka da Kanada akwai wani kifi da wannan karin magana ya dace da shi ƙwarai, domin kuwa idonsa ne ya jawo masa suna. Amurkawa na kiransa walleye saboda idanunsa masu fari-fari da ke ƙyalli cikin duhu tamkar na kyanwa, Faransawan Kanada na ce masa doré saboda ruwan zinaren jikinsa, su kuwa 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilar Ojibwe, ogaa suke ce masa. Don sauƙin karatu, zan rubuta shi walai. Jihar Minnesota ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha tun 1965, kuma ranar buɗe kamunsa a watan Mayu biki ce da gwamna da kansa kan halarta. Abin da ya sa na kawo maganarsa a wannan fili shi ne, labarinsa ya ƙara tabbatar mini cewa gwanintar masunci, in ba a haɗa ta da haƙuri ba, ita ce kan ƙarar da tafki.

Bari mu fara da ita gwanintar. Masuncin Minnesota ya san shekarar walai kamar yadda manomi ya san damina. Da zarar ƙanƙara ta narke, wajen watan Afrilu, ruwa ya kai ɗumin digiri 6 zuwa 10, sai kifin ya matso gefen tafki inda akwai tsakuwa da duwatsu ya zuba ƙwai. A wannan tsakanin doka ta hana a kama shi, tun daga ƙarshen Fabrairu har zuwa tsakiyar Mayu. Idan aka buɗe, kifin yana nan kusa da gaɓa, cikin ruwa marar zurfi, da yunwa a cikinsa, don haka abin da ake maƙala wa ƙugiya shi ne ɗan ƙaramin kifi mai rai. Da ruwa ya fara ɗumi a watan Yuni da Yuli, sai walai ya gangara zurfi, masunta kuma su koma ga matsattsaku da tana. Da kaka, lokacin da kifin ke tara ƙiba don hunturu, akan sa masa 'yan kifaye masu ɗan girma. Da hunturu kuwa, saman tafkin kan daskare har mota ta hau, sai a huda ƙanƙara a zura fatsa. Kuma da yake idon walai ba ya son haske, an san cewa da asuba da almuru, ko ranar da iska ke kaɗa ruwa, ya fi cin ƙugiya.

Wannan ilimi ne na gaske, ba kuma a kwana ɗaya aka tara shi ba. To amma mai karatu ya lura da abu guda: wanda ya san inda kifi ke taruwa, da lokacin da yake jin yunwa, da abin da ba ya iya kawar da kai daga gare shi, shi ne ya fi kowa iya gamawa da shi. A yau an ƙara wa wannan sani na'urorin da ke nuna wa masunci kifi a ƙarƙashin kwale-kwalensa. Saboda haka abin tambaya shi ne, wa zai ce wa gwani ya dakata?

Tafkin Red Lake, wanda ya fi kowane tafki da ke cikin jihar girma, ya ba da amsa ɗaya. Mafi yawan ruwansa na hannun Ojibwe na Red Lake, sauran kuma na hannun gwamnatin jiha. Tun 1917 ake kamun kifin sayarwa a can da raga, har ya zuwa shekarun 1990 lokacin da walai ya kusa ƙarewa, sakamakon yawan raga da cinikin bayan fage da kuma 'yan fatsa na ɓangaren jiha. A 1997 masuntan ƙabilar suka yanke wa kansu shawarar ajiye ragar sayarwa, alhali kuwa da ita da yawansu ke ci da iyali. A 1999 jihar ta hana ɗibar walai a nata ɓangaren, ɓangarorin suka sa hannu a yarjejeniya, aka zuba miliyoyin 'ya'yan kifi a 1999 da 2001 da 2003. Masu masaukin baƙi a garin Waskish sun ji jiki, wasu ma sun rufe. Amma a 2006 aka sake buɗe tafkin cike da walai, da wuri fiye da yadda mutane da dama suka zata. Mahaƙurci mawadaci.

Tafkin Mille Lacs kuwa wata hanya ya bi. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar wa Ojibwe haƙƙin su da farauta da yarjejeniyar 1837 ta ba su. Ana ƙayyade nauyin walai da za a ɗiba kowace shekara, a raba tsakanin ƙabilun da masuntan jiha. A 2012 an yarda a ɗebi kimanin tan 227. A 2015 abin ya faɗo zuwa kimanin tan 18, kuma a watan Agustan shekarar aka rufe kamun walai tun lokaci bai yi ba, saboda masuntan jiha sun zarce rabonsu. Nan take aka shiga nuna wa juna yatsa. Masu masauki da 'yan fatsa suka ce ragar Ojibwe ce a lokacin zuba ƙwai ta jawo. Masanan da aka gayyato su duba lamarin kuwa suka nuna cewa ƙwai na ƙyanƙyashewa da yawa, matsalar ita ce ƙananan ba sa rayuwa su girma. Ruwa ba ya tsami banza: tafkin kansa ya sauya. Ruwan ya ƙara haske, abin da walai ba ya so. A 2005 aka gano wasu baƙin halittu masu ɓawo, dangin dodon koɗi, waɗanda jiragen ruwa suka kwaso daga Turai, masu tace abincin da ƙananan kifaye ke dogaro da shi. Manyan walai kuma suna cin ƙanana idan abinci ya yi ƙaranci.

A nan ne batun abin da ake sa wa ƙugiya ya zama siyasa. A 2016 aka ce kowa ya kama walai ya mayar da shi ruwa. Sai dai ba kowane kifin da aka saki ke rayuwa ba. Wanda ya haɗiyi matsattsaku ko tana, ƙugiya kan shige masa can ciki, kuma idan ruwa ya yi ɗumi a watan Yuli, waɗanda ke mutuwa bayan an sake su sun fi yawa. Hukuma na lissafa wannan asara cikin rabon masuntan jiha. Don haka ta sanar da hana sa abu mai rai a ƙugiya, sai na roba ko na ƙarfe. Amma da masu shagunan sayar da tana da masu masauki suka yi ca, ba a jima ba ta janye. A wasu shekarun da suka biyo baya sai da aka koma rufe kamun walai na wasu makonni a watan Yuli. Kifin ya farfaɗo daga baya, har an sake barin masunta su tafi gida da kaɗan, amma an kai nan ne da rigima da rashin yarda da juna.

Na san abin da wani zai ce: mai albashi ne ke da bakin cewa a rufe tafki, wanda abincinsa ke cikin ruwa ba ya da wannan sukuni. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Mai shagon tana a bakin Mille Lacs yana da 'ya'ya a makaranta da bashin banki, kuma dokar da ke sauyawa a tsakiyar lokacin su ta cuce shi, domin baƙi sun riga sun kama ɗaki. Hakkinsa ne a sanar da shi da wuri, a kuma tallafa masa ya tsallake shekarun hutu. Amma waɗanda suka fara ajiye raga a Red Lake ba attajirai ba ne. Sun dai gane cewa asarar 'yan shekaru ta fi asarar har abada sauƙi. Bambancin tafkunan biyu, a ganina, shi ne a Red Lake masu haƙƙi sun yarda da lissafi guda, kowa ya ɗauki nasa kason na asara. A Mille Lacs kuwa an daɗe kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi.

Hutun ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyan kifayen da ake fitarwa a bikin Argungu ana samunsu ne saboda Matan Fada na rufe a sauran watannin shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma jama'a sun yarda da dokar. Abin da Minnesota ta ƙara a kai shi ne ƙidaya: a auna abin da ke cikin ruwa, a faɗa wa kowa, a zauna da masu haƙƙi kafin a yanke hukunci. Duk hukumar da ke kula da tafki ko madatsar ruwa, a can ko a nan, ya kamata ta san lokacin da kifinta ke zuba ƙwai, ta kare wannan lokaci, ta kuma sa masunta cikin shawara tun kifin bai ƙare ba. Rigakafi dai ya fi magani.