Tsargiya: Me ya sa ake maimaita rabon magani duk shekara?

Mai karatu, in ma'aikatan lafiya suka iso makarantar yaranka da sandar awon tsayi da ƙwayoyin praziquantel, ƙila ka ce ai bara ma sun sha, me kuma ya dawo da su? Lissafi ne ya dawo da su.

Tsargiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai ita zai yi fitsari a rafi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige jikin dodon koɗi, ya hayayyafa dubbai, su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. A 1965 wani masani ɗan Birtaniya, George Macdonald, ya mayar da wannan zagaye lissafi. Ya lura sai namiji da macen tsutsa sun haɗu a jikin mutum ɗaya cutar ke ci gaba, don haka in yawansu ya faɗi ƙasa da wani mataki, za ta mutu da kanta. Sai dai isa matakin nan ba wasa ba ne.

Maganin yana kashe manyan tsutsotsi, bai cika taɓa ƙanana ba, kuma ba ya hana sake kamuwa. Yaro ya sha yau, jibi yana cikin kududdufi.

Abin da ya fi damuna a lissafin shi ne mutanen da kullum rabo ke wucewa: masunci da ya yi sammako, manomin shinkafa, almajiri, yarinyar da ke talla. In su ɗin ne dai ake tsallakewa kowace shekara, sun isa su riƙa zuba ƙwai a ruwa, cutar ta dawo wa kowa. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk garin da kashi 10 cikin 100 ke da ita, a ba kowa daga ɗan shekara biyu, har da manya, kuma rabon ya kai aƙalla kashi 75.

Har yanzu wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda.

Ranar rabo, a ba yaro abinci ya ƙoshi kafin ya sha, hakan na rage jiri da ciwon ciki. Kai ma maigida ka tsaya a auna ka.