Barcin Ɗalibi Ma Karatu Ne

Duk shekara idan watan Yuni ya gabato, wato lokacin jarrabawar CEP da BEPC da kuma BAC, sai ka ga 'ya'yanmu a Parakou da Djougou sun ƙaurace wa shimfiɗunsu. Wasu na ƙarƙashin fitilun titi riƙe da littattafai har ƙarfe biyu ko uku na dare, wasu kuma sun dogara da Nescafé da shayi da goro domin korar barci. Mu iyaye kuwa sai mu riƙa sa musu albarka muna cewa wane akwai ƙoƙari, wanda ya kwanta da wuri kuma mu kira shi rago. A ganinmu lokaci ya yi da za mu sake duba wannan ɗabi'a, domin muna cutar da yaran ne da sunan taimako.

Tun a shekarar 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gano cewa wanda ya yi barci bayan ya haddace abu ya fi riƙe shi a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa ido biyu. A 1994 kuma Wilson da McNaughton suka fito da wani ɓangare na dalilin. Sun auna ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran ke koyon hanya su ne ke sake motsawa tare idan ya yi barci. Ma'ana, ƙwaƙwalwa na yin tilawar darasinta da dare, tana kwashe shi daga ma'ajiyar wucin gadi zuwa ta dindindin.

Abin bai tsaya ga hadda ba. A 2004 masana a Jami'ar Lübeck ta Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya. Kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka samu barcin awa 8 sun gano dabarar, alhali cikin waɗanda ba su runtsa ba ko kashi 25 ba a samu ba. Haka nan na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa na nuna wasu gajerun tartsatsi a lokacin barci, waɗanda bincike ya nuna suna ƙaruwa bayan an koyi sabon abu, kuma suna da 'yar alaƙa da makin gwajin basira. Amma kada wannan ya ruɗe mu, alaƙar ba ta da ƙarfin da za a yanke wa wani yaro hukuncin daƙiƙanci da ita. Darasin da ke ciki shi ne, duk basirar da Allah Ya hore wa yaro, rashin barci na dakushe ta.

Idan muka dubi tsarinmu na gargajiya, za mu ga malamanmu na allo sun daɗe a kan wannan turba. Almajiri ya biya allonsa da dare, ya kwanta, da asuba ya tashi ya sake bi ta kansa, da rana kuma a yi ƙailula. Matsalar yau ita ce kayan da muka jibga wa yaro guda: makarantar allo da asuba, boko da safe da yamma, jiran shago a kasuwar Arzeke ko talla, sannan wayar salula a kan katifa. Wasu ɗaliban Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, har kabu-kabu suke yi don neman abin kai wa baka. Alhali a 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, da awa 8 zuwa 10 ga ɗan 13 zuwa 18.

Wani zai ce ai dare ne kaɗai lokacin da zafi ke sauka, hayaniyar gida ta lafa, yaron talaka ya samu sukunin buɗe littafi. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina karatun dare ba. Awa biyu bayan sallar isha'i tun daga farkon shekarar karatu, sannan a kwanta, ya fi kwana goma a zaune gab da jarrabawa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuma sinadarin da ke cikin kofi da goro, kusan rabinsa na nan a jiki awa biyar bayan an sha, don haka kofin magariba na iya cinye barcin tsakar dare.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su karɓe wayoyi a lokacin kwanciya, su kuma sauƙaƙa wa 'yan ajin jarrabawa aike da talla. Malaman boko da na Islamiyya a kowace unguwa su zauna tare su daidaita lokutansu, tun da yaro ɗaya suke rabawa. Limamanmu su ma su taɓo batun a huɗuba kafin watan Yuni. Ku kuma ɗalibai, daren jarrabawa ku rufe littafi da wuri ku kwanta. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.