Madafa ma ɗaki ce: a tsara ta kamar yadda ake tsara rumbu

Ƴan uwa manoma, maza da mata, kaka ta yi. An ɗaure dammuna, hatsi ya shigo gida. Yanzu ne lokacin buga tubali da gyaran gidaje. Shi ya sa muke so mu yi magana a kan wani ɗaki da ake yawan mantawa da shi, wato madafa.

Ku dubi yadda manomi yake gina rumbunsa. Yana zaɓen wuri mai tudu. Yana ɗora shi bisa duwatsu don gudun laima da gara. Yana sake masa jinka kafin ruwa ya sauka. Amma madafa, inda hatsin nan yake zama tuwo da fura, sau da yawa sai an gama kowane gini ake tunawa da ita. A samu wani lungu kusa da turken awaki, a kafa rumfa, a aje duwatsu uku, shi ke nan.

Ra'ayinmu shi ne wannan tsari bai dace ba. Madafa ta cancanci shawara da awo kamar rumbu. Kuma wadda za ta ja gaba a shawarar ita ce mai girki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya sa maganar take da nauyi?

Abu na farko hayaƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida, wanda galibinsa na girki ne, ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Cikinsu akwai yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 237. Hayaƙin icce, da na kara, da na kashin shanu yana ɗauke da ƙura mai laushi ƙwarai wadda take shiga har cikin huhu. Tana kawo ciwon huhu ga yara. Tana kawo tari mai daɗewa, da ciwon zuciya, da yanar ido ga manya. Uwa tana tuƙa tuwo, goyonta yana baya, tare suke shaƙa.

Abu na biyu gudawa ce. In ƙuda ya tashi daga salga ya sauka kan abinci, ko kaza ta sa baki cikin ƙwarya, cuta ta samu hanya. Na uku ƙuna da gobara. Na huɗu icce, wanda ake saye da tsada a birni, ake kuma yin doguwar tafiya nemansa a karkara. Duk waɗannan huɗu tsarin madafa yana iya rage su.

Zaɓen wuri

Kafin a haƙa harsashi, a dubi iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Hadarin damana kuwa galibi daga gabas yake tasowa. Saboda haka kada ƙofar madafa ta dubi gabas. Ta dubi kudu ko yamma. Bangon gabas a yi masa yaɓe mai kauri. Kada rumbu, ko tarin harawa, ko ɗakin ciyawa su kasance kudu maso yamma da murhu, domin can ne iskar hunturu take kai tartsatsi lokacin da komai ya bushe.

Madafa ta rabu da ɗakin kwana. Ta yi nesa da salga da turken dabbobi, aƙalla taki goma in filin gida ya isa. In gidan ƙarami ne, a yi wa ramin salga murfi, a kuma sa danga tsakanin dabbobi da wurin abinci.

A ɗaga daɓen madafa ya fi tsakar gida tudu da kamar taƙi ɗaya na hannu. Damanar 2024 ta rushe dubban gidajen ƙasa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ruwan da ya kwanta a gindin bango shi ne yake cin gini. A yi harsashi da dutse in akwai, a sa indararo mai tsawo, a fidda wa ruwa hanya.

Ɗaki mai metir 3 a tsawo da metir 2 da rabi a faɗi ya ishi gida matsakaici. A gabansa a kafa rumfa. Lokacin zafi a yi girki ƙarƙashin rumfar, inda iska take kaɗawa. Ranar ruwa ko ƙura a koma ciki. Turmi ma a rumfar zai zauna.

Hanyar hayaƙi

Hayaƙi sama yake tashi. In bai samu ƙofa ba, sai ya dawo idon mai girki. Madafa tana bukatar kafa biyu. Ɗaya a ƙasa-ƙasa inda sabuwar iska take shigowa. Ɗaya a sama, daidai kan murhu, inda hayaƙi yake fita. Wasu magina suna barin rata tsakanin bango da rufi. Wasu suna jera tubali da tazara a saman bango. Duka biyu suna da kyau, kuma ba su cin kuɗi. In rufin ciyawa ne, ya yi nesa da harshen wuta sosai.

A lokacin sanyi a kula ƙwarai. Kada a toshe kafofin nan, kuma kada a kai garwashi ɗakin kwana a rufe ƙofa. Gawayi yana fidda wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum cikin barci.

Murhu

Murhun duwatsu uku yana barin wuta ta watse ko'ina. Tukunya kaɗan take samu, iska ta kwashe saura. Tun shekarun 1980 aka yaɗa ingantattun murahu a ƙasar nan. Akwai Albarka, wanda ake ginawa da laka haɗe da ciyawa da kashin dabbobi. Akwai Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera suke ƙerawa, ana iya ɗaukarsa daga ɗaki zuwa rumfa. Dubararsu ɗaya ce: bango yana kewaye wuta, zafi ya bi jikin tukunya. Don haka dole murhu ya dace da girman tukunya. Gida yana bukatar biyu, babba na tuwo, ƙarami na miya. In na laka ya tsage, a liƙe shi tun tsagar tana ƙarama.

Kada a kwaikwayi madafar da ake gani a talabijin, inda ake girki a tsaye. Tuƙin tuwo yana son ƙarfi, yana son tukunya ta zauna daram kusa da ƙasa. A gina murhu daidai zaman mai girki bisa kujerarta, yadda za ta juya muciya ba tare da ta sunkuya ƙwarai ba. Ita za ta zauna a gwada kafin laka ta bushe. Kusa da hannunta a yi ɗan dakali na aje mara, ludayi, maburgi da kayan miya.

Ingantaccen murhu yana rage cin icce, yana kuma rage hayaƙi, amma ba ya kawar da shi duka. Busasshen icce ya fi ɗanye kamawa, ya fi shi ƙarancin hayaƙi. Manoman da suke yin sassabin zamani, wanda ya faro a jihar Maraɗi cikin shekarun 1980, suna samun rassa daga gonakinsu duk shekara. A tanadi wuri mai rufi a gefen madafa inda rassan za su bushe. A riƙa rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe ragowar icce da ƙasa in an sauke.

Gaz ya fi duka tsabta ga huhu. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram take fidda shi. Wanda ya samu hali ya saya, ya aje tulun a tsaye, nesa da murhun icce da zafin rana. In ana zaton yoyo, a shafa ruwan sabuni a bakin tulun, in ya yi kumfa akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa kafar ƙasa take da amfani a nan ma.

Ruwa, kwanoni da ajiya

Randar ruwan sha ta hau bisa ɗan dakali a inuwa, da murfinta. A rataye mata moɗa ɗaya mai dogon hannu, don kada yatsu su shiga ruwa. A bakin ƙofa a aje buta da sabuni. Mai girki ta wanke hannu kafin ta taɓa abinci, da bayan ta fito daga salga, da bayan ta wanke wa yaro kashi.

A kafa gadon shanya kwanoni da icce ko kara, tsayinsa ya kai ƙugu, a inda rana take bugawa. Kwanon da ya bushe a rana bisa gado ya fi wanda aka kife a ƙasa. Ruwan wanke-wanke kada a bar shi ya kwanta, domin kwantaccen ruwa ne gidan sauro. A haƙa rami a cika shi da tsakuwa, ko a ja ƴar hanya zuwa gindin zogala. Toka da ɓawon kayan miya a kai su ramin taki, su koma gona.

Lokacin gini a bar alkuki biyu ko uku a jikin bango. A rataye ragaya don nono da ragowar abinci, a rufe da faifai. Buhun gero, masara ko gujiya ya hau bisa katako, kada ya jingina da bango. Laima tana sa gujiya da masara su yi fumfuna, kuma akwai fumfunar da take fidda dafi mai lalata hanta.

Abu uku kada su kwana a madafa: maganin ƙwari, taki na zamani, da man fetur. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ya zama na ruwa ko na mai, ko sau nawa aka wanke shi.

Yara

Yaro mai rarrafe bai san wuta ba. A yi ƴar katanga mai tsayin kamu ɗaya, ko ƴar ƙofa ta kara, a bakin madafa. Wuƙa da ashana su hau alkukin sama. Tukunya mai zafi kada a sauke ta a hanya. A aje bokitin yashi kusa, domin wutar mai ba a kashe ta da ruwa. In ƙuna ta auku, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi bisa wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita. Kada a shafa mai, ƙwai ko toka.

Masu cewa a'a

Wani zai ce kakanninmu a kan duwatsu uku suka yi girki. Gaskiya ne. Amma a zamaninsu daji yana bayan gari, gidaje kuma suna da fili. Yau icce ya yi nisa, gidaje sun matsu. Wani zai ce hayaƙi yana korar sauro. Gidan sauro mai magani yana wannan aiki ba tare da ya taɓa huhun yaro ba.

Wani zai ce ba kuɗi. Mu lissafa. Laka, ciyawa, kara da dutse suna nan kusa. Kafar hayaƙi ba a sayenta. Abin saye shi ne ƙofa, da rufi, da murhun ƙarfe ga mai so. A gwada wannan da kuɗin icce na shekara, da kuɗin magani, da ranakun aikin da ciwo yake cinyewa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa asusun mako-mako yana iya yin babban aiki. Ƙungiya tana iya gina murhun gida ɗaya wannan mako, na wani gida mako mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai zaman haya a Yamai ko Maraɗi kuwa, ko bai gina ɗaki ba, yana iya samun murhu mai ɗaukuwa, gadon kwanoni da murfin randa.

Kiranmu ga magidanta shi ne ku zauna da iyalinku kafin ku kira magini. In mata biyu ko uku suke karɓa-karɓar girki, a ji ta bakin kowace. Ku zana madafar a ƙasa da sanda: ga ƙofa, ga murhu, ga randa, ga kafar hayaƙi. Sa'an nan ku ɗauki alƙalami ku rubuta awon a takarda, ku miƙa wa magini. Karatun da kuka koya, ga wurin aikinsa. Rigakafi ya fi magani, kuma a bana daga madafa za a fara shi.