Kakuri Na Iya Ƙera Keken da Najeriya Ta Je Aro

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar tseren keke ta farko da ta wakilci Najeriya a wannan dandali, ta shiga tseren cikin fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. An yi kwana biyu ana surutu, aka yi shiru. Ba a tambayi dalilin da ya sa ƙasar da ta taɓa harhaɗa motoci ba ta da maƙerin firam ɗin keken tsere da aka sani ba.

Wurin da ya dace a yi tambayar shi ne Kakuri, kudancin Kogin Kaduna. A nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, a nan aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, a nan Peugeot ta soma fitar da motoci a 1975. Masaƙun sun durƙushe, amma masu walda da masu juya ƙarfe suna nan, suna ƙera ƙyamare da tagogi.

Masu cewa keken tsere fasahar Turai ce ba su fahimci inda matsalar take ba. Babban abokin gabar mai tsere iska ce: idan gudu ya ninka biyu, turjiyarta kan ninka huɗu. Mafi yawan wannan turjiya a jikin mahayin take, kason keken kaɗan ne. Saboda haka firam ɗin da aka auna daidai da tsawon ƙafa da bayan mahayi, har ya iya sunkuyawa ba tare da numfashinsa ya takura ba, ya fi masa amfani a kan mai tsadar da aka sayo ba da awonsa ba. Wannan aiki ne irin na tela, kuma telan da ke kusa shi ya san awon mutum.

A 1993, Graeme Obree ɗan Sikotland ya haɗa kekensa da hannunsa, har da boris ɗin injin wanki, ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin duniya. A Ghana kuwa, ana ƙera firam da gora ana sayarwa ƙasashen waje.

Gaskiya ne, Kakuri ba za ta fitar da keken kabon na Olamfik gobe ba. Amma yaron Barnawa ko Sabon Tasha da ke son tsere, firam ɗin ƙarfe mai sauƙin nauyi yake buƙata, wanda albashin mahaifinsa zai iya saya. Abin da maƙerin ya rasa bututun ƙarfe mai inganci ne, da teburin saita awo, da mai ba shi aikin farko.

Aikin farkon nan nauyi ne a kan hukumomin wasanni da makarantun fasaha, da kuma 'yan bokon da ke ganin keke alamar talauci ce. Kayan aro ba ya rufe katara. Muddin ana raina maƙerin Kakuri, Najeriya za ta sake zuwa gasa da ƙoƙon bara.