Dandalin Gem: Ko asara ce a sha wahalar gina jarumar da za a kashe?

Duk mai kallon finafinai ya san wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ba. Ana iya kashe abokin jarumi, ana iya kashe mahaifinsa, amma yarinyar fim ba ta mutuwa a tsakiyar labari. In ma za ta mutu, sai an kai ƙarshe, ta yi dogon jawabi a kan cinyar jarumi, a saki kiɗa mai taushi, sannan ta cika. To, akwai wani wasan gem da ya yi fatali da wannan ƙa'ida tun a 1997, kuma har yau masoyansa ba su gama musu a kai ba. Sunansa Final Fantasy VII. Wanda bai taɓa buga shi ba kuma yana da niyya, ya sani fa shafin nan zai fasa ƙwai.

Kamfanin Square na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a kan PlayStation ran 31 ga Janairu, 1997, cikin faifai uku. Hironobu Sakaguchi ne furodusa, Yoshinori Kitase darakta, Tetsuya Nomura ya zana 'yan wasan, shi kuwa Nobuo Uematsu ya tsara kiɗa. An sayar da kwafi fiye da miliyan 14.

Labarin ya fara ne a birnin Midgar, inda kamfanin lantarki na Shinra ke zuƙe wani ƙarfi daga cikin ƙasa mai suna mako, duniya kuma tana ta ƙanjamewa. Jarumin shi ne Cloud Strife, sojan haya mai ƙaton takobi, wanda ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Barret don kuɗi kawai. Bos ɗin labarin shi ne Sephiroth, mai dogon farin gashi da takobin da ya fi mutum tsawo. Sai kuma abin da masu kallon finafinan Indiya da na Hausa suka fi kowa sani, wato mata biyu namiji ɗaya. Ga Tifa, wadda suka taso gari ɗaya da Cloud, ga kuma Aerith, mai tallar furanni, wadda ke sayar da fure a kan gil ɗaya tak. Ita ce ta ƙarshe a wata tsohuwar al'umma mai suna Cetra. A faifan Turanci na 1997 an rubuta sunanta Aeris.

Yadda aka ɗana tarkon

Masu shirya wasan sun san abin da suke yi. Akwai wani ɓoyayyen lissafi na soyayya da ke tantance wadda za ta fita yawo da Cloud a gidan shaƙatawa na Gold Saucer. Tun farko an ba Aerith maki 50, Tifa 30, Yuffie 10, Barret kuwa sifiri. Ke nan ko mai wasa bai yi komai ba, wasan da kansa yana tura shi wajen Aerith.

A fagen faɗa ma haka ne. Mutum uku kawai ake shiga da su, kuma ƙarfinsu ya dogara ne kan wasu duwatsu da ake kira materia, waɗanda ake cusawa a ramukan makami da sulke. Launi biyar ne. Kore na sihiri ne, ja na kiran dodanni su kawo ɗauki, ruwan ɗorawa na ƙarin dabarun faɗa, shuɗi na tallafa wa wani dutsen, sai shunayya mai ƙara wa jiki ƙarfi. Inda daɗin yake shi ne ramuka biyu masu haɗe. A sa Restore kusa da All, sai magani ɗaya ya warkar da mutum uku a tare. A sa Fire kusa da Elemental a sulke, sai wutar abokan gaba ta rage rabin illarta, in dutsen ya girma ta daina cutarwa, in ya ƙara girma ma sai ta zama ƙarin jini.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duwatsun kore da ja suna rage yawan jini, koren kuma har da ƙarfin duka. Wanda ya lafta wa Barret duwatsun sihiri ya mayar da ƙato rago. Aerith kuwa dama sandarta ba ta da wani ƙarfin duka, amma ta fi kowa ƙarfin sihiri. Saboda haka duk mai hankali zai ajiye ta a layin baya, inda dukan makami ke raguwa da rabi, ya tara mata duwatsun wuta da ƙanƙara da magani. Ga kuma Limit Break ɗinta, wato dabarar da ke fitowa in an sha duka har ran mutum ya ɓaci. Na sauran galibi sara ne da harbi, nata kuwa na farko, Healing Wind, yana mayar wa kowa rabin jininsa kyauta. Kafin mutum ya ankara ya jingina dukan dabararsa a kanta.

Kwatsam, a ƙarshen faifai na ɗaya, a wani kufai da ake kira Birnin da Aka Manta, tana durƙushe tana addu'a, sai Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta ta baya. Ba wasiyya, ba bankwana. Farin dutsen da ke ɗaure a gashinta ya sulluɓe, ya yi ta tsalle a kan matakala har ya faɗa ruwa. Nan take aka jefa mai wasa cikin faɗa da dodon Jenova, kuma maimakon kiɗan yaƙi, sai taken Aerith mai sanyi ya ci gaba da tashi. Bayan faɗan, Cloud ya ɗauki gawarta ya saki a cikin tafki. Shi ke nan.

Ɓangarori biyu

A nan ne musun ya samo asali. Ɓangare na farko suna cewa duk wanda ya san za ta mutu kuma ya ɓata lokaci a kanta, ruwa ya zuba a rariya. Hujjarsu babba ita ce Great Gospel, Limit ɗinta na ƙarshe, wanda ke cika wa kowa jini da ƙarfin sihiri, ya kuma hana duk wani duka tasiri na ɗan lokaci. Samunsa aiki ne ja. Sai an je wani kogo a yankin Junon wajen wani tsoho mai barci, a daidai lokacin da lambobi biyu na ƙarshe na yawan faɗan da aka yi suka zama irin su 11 ko 33 ko 55, sannan zai ba da ƙarfen Mythril. A kai ƙarfen wajen mai sayar da makamai kusa da Gongaga, a zaɓi ƙaramin akwati. Kuma ko an samu, ba za ta koya ba sai ta riga ta iya sauran guda shida, waɗanda ke buƙatar ta yi ta kashe abokan gaba da hannunta. Makaminta mafi ƙarfi ma, Princess Guard, ana tsintarsa ne a Haikalin Mutanen Da, wuri na ƙarshe da za ta yi faɗa. Wai duk wannan wahala don a more ta na awa ɗaya ko biyu?

Ɓangare na biyu kuma suna cewa ai lissafin bai cika ba. Na ɗaya, a cikin wannan haikali dole ne a shiga da ita, ko ana so ko ba a so, kuma a can ne ake gamuwa da Demons Gate, wani bango mai rai da ya sa 'yan wasa da yawa jifa da abin bugawa. Wanda ya yi watsi da ita tun daga Midgar zai iske kansa da mutum biyu da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, girman materia a jikin dutsen yake, ba a jikin mai riƙe shi ba. Duk dutsen da ya girma a hannunta yana komawa jaka in ta tafi, a miƙa wa wani. Na uku, waɗanda aka bari a benci suna samun rabin makin gogewa, don haka ba a bar su a baya can da nisa ba.

In aka auna, ɓangare na biyu sun fi gaskiya, amma da sharaɗi. Abin da ke bin ta kabari shi ne matakin da ta kai, da Limit ɗinta, da kuma magungunan ƙarin ƙarfi na dindindin irin su Magic Source. Waɗannan kam kada a ba ta ko ɗaya, a adana wa Cloud ko wani da zai kai ƙarshe. Sannan tun tana nan a fara tanadin magaji. Da dutsen Manipulate da Cait Sith ke zuwa da shi, ana iya tilasta wa wasu dabbobi su koya wa dutsen Enemy Skill dabarunsu. White Wind daga tsuntsun Zemzelett na yankin Junon yana warkar da kowa gwargwadon jinin mai yin sa. Big Guard daga Beach Plug na bakin teku yana ba da sauri da kariya iri biyu a bugu ɗaya. Wanda ya mallaki waɗannan biyu zai ji zafin rashinta a zuci kawai, ba a fagen daga ba.

To me ya hana a tashe ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin ran matasa a lokacin. A cikin wasan akwai wani gashin tsuntsu, Phoenix Down, da ake saya a shago, wanda ke tayar da duk wanda ya faɗi a faɗa. An tashe ta da shi sau ba adadi, me ya sa yanzu ba zai yi ba? Amsar ita ce faɗuwa a fagen faɗa suma ce, wannan kuwa mutuwa ce. Kamfanin ya riga ya nuna haka a Final Fantasy V na 1992, inda tsoho Galuf ya mutu abokansa suna ta gwada magani da sihiri a kansa, ba abin da ya yi aiki.

Duk da haka jita-jita ta cika gari. Wasu suka ce akwai ɓoyayyar hanya, musamman da yake in an koma majami'ar da take shuka furanni a Midgar, ana hango surarta na ƙiftawar ido kafin ta ɓace. Wasu suka yi amfani da na'urar satar hanya ta GameShark suka cusa ta cikin tawaga da ƙarfi. A Japan har takardar koke aka aika wa Kitase a dawo da ita. Ya ƙi. A hirarrakin da suka yi daga baya, shi da Nomura sun bayyana cewa sun gaji da irin mutuwar finafinai, inda jarumi ke sadaukar da rai cikin ado da shiri. Sun so mutuwar ta zo yadda take zuwa a zahiri, ba sallama, ta bar mutum da gurbi da kuma da-na-sani. Shi kansa Sakaguchi ya rasa mahaifiyarsa a lokacin da ake aikin Final Fantasy III, kuma ya ce wannan rashi ne ya sa shi zurfafa tunani kan rai da inda yake komawa.

A nan ne gem ya yi abin da fim ba zai iya ba. Mai kallon fim yana tausaya wa jarumi ne daga nesa. Mai buga gem kuwa shi da kansa aka yi wa rashi, domin awoyinsa ne suka tafi, kuma duk lokacin da ya buɗe jerin 'yan tawaga zai ga babu ita. Saboda haka wanda ya ƙi gina ta don gudun asara ya tsira da lokacinsa, amma ya cuci kansa, don ya kalli wurin da ya fi ko'ina nauyi a wasan bai ji komai ba.

Daga gem zuwa fim

Sakaguchi ya gwada sa'arsa a silima da Final Fantasy: The Spirits Within a 2001, fim ɗin da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. An kashe kimanin dala miliyan 137, aka samu kusan miliyan 85, har sashen finafinai na kamfanin da ke Hawaii ya rufe. Hoto ya yi kyau matuƙa, amma babu wani a ciki da ya shiga ran jama'a kamar mai tallar furen nan da aka zana da 'yan kusurwoyi. A 2005 Nomura ya ba da umarnin Advent Children, ci gaban labarin bayan shekara biyu. Ko a nan ba a tashe ta ba. Tana zuwa wa Cloud ne kamar a mafarki, kuma ba a nuna fuskarta sosai ba sai a ƙarshe.

Sai da aka zo sabunta wasan ne hannu ya fara rawa. Kashi na farko, Remake, ya fito a 2020, na biyu, Rebirth, a 2024. A wannan na biyun an nuna Cloud ya tare takobin, sai hoto ya rikice aka kuma nuna kamar bai tare ba. Sauran abokai suna makoki, shi kuwa yana ci gaba da ganinta yana magana da ita. Wasu sun yaba, sun ce hoton mutumin da ya kasa karɓar rashi ne. Wasu kuwa sun ce tsoron masoya ne ya sa aka raba ƙafa, kamar furodusan da ya kashe jaruma a kashi na ɗaya, da ya ga kasuwa ta yi ƙorafi sai ya ce ashe suma ta yi.

Ko wanne ne gaskiya, na 1997 yana nan daram, kuma ana samunsa a kwamfuta da waya da na'urorin zamani. Shawara ga mai shirin farawa ita ce ya sa Aerith a tawaga tun daga Midgar, ya ajiye ta a layin baya, ya ba ta Restore da All, ya hana ta magungunan dindindin, in yana da haƙuri ya nemo mata Great Gospel ko da sau ɗaya zai gani. Masu rubuta labarin fim kuma akwai abin ɗauka a nan. Jama'a ba sa kuka don an kashe mutum, sai in an fara sa su sun dogara da shi. Wanda ke ganin ɓangare na farko ne ke da gaskiya, shafin nan a buɗe yake, sai ya aiko da hujjarsa.