Tattalin Kifin Teku: Yadda Lamarin Ya Shafi 'Yan Kasuwar Arewa a Fatakwal, Anacha da Enugu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Enugu, cinikin kifi hanya biyu gare shi. Banda tana gangarowa daga yankin Tafkin Chadi ta Maiduguri zuwa kasuwannin Kudu, daskararren kifin da aka sauke a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal kuma yana haurawa Arewa. Ɗan kasuwar da ke tsakanin hanyoyin nan biyu bai mallaki ko kwalekwale ba, amma duk abin da ya sami teku a aljihunsa yake ƙarewa.

Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke bayarwa sun nuna cewa Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin haka ba. Da kuɗin waje ake sayo wani ɓangare na giɓin. Shi ya sa faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin kowane katan, ta kuma ci jarin ƙananan 'yan kasuwa. Ita ma bandar ba ta tsira ba, domin rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ya daƙushe kamun kifi a tafkin na tsawon shekaru.

Ke nan hankali ya koma kan tekun ƙasar nan. Najeriya na da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853, da ikon cin arziƙin ruwa har mil 200 daga gaɓar. Matsalar ita ce kifin teku ba na kowa ba ne sai an kama shi. Masuncin da ya bar ƙaramin kifi ya girma ba shi da tabbacin cewa wani ba zai kwashe shi gobe ba, don haka kowa ke rige-rige. Jirage na ƙaruwa, ana ƙara ƙona mai, kamu na raguwa. Kanada ta ɗanɗana kuɗar hakan a 1992, lokacin da ta dakatar da kamun wani nau'in kifi a gaɓar Newfoundland bayan ya kusa ƙarewa, dubban mutane suka rasa sana'a.

Dokoki kam akwai su. Dokar Kamun Kifin Teku ta 1992 ta tanadi lasisi ga jirage, ƙa'idojinta kuma sun hana manyan jirage masu jan koma shiga mil 5 na farko daga gaɓa, inda ƙananan masunta ke nema, inda kuma kifi ke hayayyafa. Sai dai masuntan na yawan kokawa kan kutsen jiragen. A Neja Delta akwai ƙarin annobar malalar mai, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ta lalata ruwa da itatuwan gaɓa da kifi ke fakewa cikinsu.

An sami sabbin dama. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arziƙin Ruwa, daga baya aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 2022, wadda ta hana ƙasashe tallafa wa jiragen da ke kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Ghana ta riga ta gwada rufe teku na ɗan lokaci a shekara domin kifi ya hayayyafa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A Argungu, ba a su a Matan Fada sai lokacin da aka buɗe ruwa, kuma Sarkin Ruwa ke sa ido. Hikimar ɗaya ce da ta teku, sai dai can ana buƙatar jiragen sintiri, na'urorin bin sawun jirage da ƙididdigar abin da ake saukewa a kowace tasha.

Ba za a ɓoye cewa matakan na da tsada ba. Masuncin da aka hana shiga ruwa wata guda sai an tanadar masa abin da zai ci, farashi ma na iya tashi na ɗan lokaci. Amma biyan kuɗin sintiri da tallafin hutu ya fi sauƙi a kan ci gaba da sayo kifi da dala har abada. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kifi na Fatakwal, Anacha da Enugu su nemi gurbi a duk zaman da za a yi kan sabunta dokar 1992, domin su ne suka san abin da ke shigowa kasuwa da abin da ya daina zuwa.